Sayen Regiletar Nutso Mai Sauƙin Kuɗi da Yadda Ake Yi Mata Sabis

Regiletar nutso, wato na'urar da mai nutso ke shaƙar iska da ita daga tukunya a ƙarƙashin ruwa, ta farko da na mallaka ta hannu ce. A intanet na gan ta, hotonta sai sheƙi yake, kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba, mai ita kuma ya rantse bai fi sau 10 ya shiga ruwa da ita ba. Na biya, aka aiko mini. Washegari na naɗe ta a tawul na nufi wani shagon kayan nutso a Abhur, arewa da Jidda, inda wani dattijo Bahaushe, haihuwar can, yake gyara a ɗakin baya. Ko ɗaura ta a tukunyar iska bai yi ba. Murfin kawai ya cire, ya haska tocila a ƙofar da iska ke shiga, ya miƙo mini ya ce in leƙa. Matatar iskar da ke ciki ta yi kore shar.

"Ruwan gishiri ya shiga cikinta, kuma ya daɗe a ciki," in ji shi.

Na ce, "Baba, ba za ta wanku ba?"

"Wanki ba shi da wuya, ɗana. Amma kamfanin ya daina yin kayan cikin wannan samfurin. In na kwance ta, da me zan mayar?"

Har yau tana rataye a ƙusa a ɗakina. Cinikin biri a sama na yi, kuma daga ranar na gane cewa kuɗin regileta ba shi ne wanda aka rubuta a jikin kwali ba. Kuɗinta shi ne na saye, haɗe da na sabis ɗin da za ta riƙa ci muddin kana shaƙar iska da ita. Mai araha ba ta da laifi. Wadda ba ta da mai gyara ita ce matsala, ko nawa aka saye ta.

Ka san abin da kake saye

Tukunyar alminiyam da aka fi samu a wuraren haya tana cin kusan lita 11, ana dura mata iska har wajen bar 200, bar kuwa shi ne ma'aunin matsi. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗoriya take ɗauka, ka ga ke nan kusan ninki 100. Ba huhun da zai karɓi wannan kai tsaye. Aikin regileta ta sauko da matsin nan hawa biyu. Wani abu da mutanenmu ke yawan kuskurewa: abin da ke cikin tukunyar iska ce irin wadda muke shaƙa, mai kashi 21 cikin 100 na oksijin, ba oksijin zalla irin na asibiti ba. Oksijin zalla in an wuce zurfin mita 6 da shi, guba yake zama.

Hawa na farko shi ne ƙarfen da ake ɗaurawa a bawul ɗin tukunya. Zan riƙa kiran sa uwa, tunda duk tiyon daga jikinsa suke fita. Uwa tana karɓar bar 200 ta mayar da shi wajen bar 9 zuwa 10 sama da matsin ruwan da ke kewaye da kai. Wannan shi ne matsin tsakiya, ka riƙe sunan, don a kansa rabin binciken zai tsaya. Hawa na biyu shi ne na-baki, wanda kake cizawa. Shi ke sauke bar 10 ɗin zuwa daidai matsin ruwan da kake ciki, kuma ba ya sakin iska sai ka ja. Tun 1943 da Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa tasu a Faransa, dabarar ba ta canza ba: ka ja, ta ba ka, ka daina, ta rufe.

Cikakken saiti yana da abu biyar: uwa, na-baki, na-baki na biyu na ko-ta-kwana mai tiyo rawaya wanda ake kira oktofus, agogon da ke nuna iskar da ta rage, da tiyon hura rigar iska, wato rigar da mai nutso ke hurawa don daidaita nitsewa da tasowa. 'Yan kasuwa da yawa farashin biyun farko kawai suke kafawa. Ka tambaya tun kafin ka yi murna.

Kuma in nutso sau biyar ko shida kawai kake yi a shekara, lokacin hutu, shawarata kada ka saya. Yi haya a wurin da ka ga suna kula da kayansu. Regileta tana tsufa ko tana ajiye a durowa, robobin cikinta suna bushewa, kuma sabis ba ya jiran sai ka yi amfani da ita.

Nemi mai gyara kafin ka nemi kaya

Wannan shi ne matakin da na tsallake, shi ne kuma ya fi kowanne muhimmanci. Je shagon da za ka riƙa kai regiletarka, ko wanda ke garin da ka fi zuwa nutso, ko Jidda ne, ko Hurgada da Dahab a Masar, ko Legas. Ka yi tambaya uku. Kayan wane kamfani kuke da takardar horon gyarawa? Kunshin kayan sabis nasa yana nan a ajiye, ko sai an yi oda? Nawa ne sabis na saiti guda, aiki da kaya?

Dalilin tambayar shi ne yawancin manyan kamfanoni ba sa sayar wa kowa kunshin kayan sabis, sai dillalansu da masu gyaran da suka horar. Kowane samfuri da nasa kunshin: zoben roba masu girma daban-daban, matata, da 'yar kujerar da bawul ke zama a kai ya toshe iska. Na wannan ba ya shiga wancan. In mai gyaran da ke kusa da kai Mares da Cressi yake yi, to zaɓinka ya riga ya ragu zuwa biyu, ko da wani ya cika maka kunne da yabon Apeks. Tambaya game da kuɗi kuwa, ka sani ana lissafin sabis ne kai-kai: uwa ɗaya, na-baki ɗaya, oktofus ɗaya. Uku ke nan.

Ka kalli ɗakin gyaran ma. Teburi mai tsabta, agogunan gwaji a bango, kayan kowace regileta a tirenta daban. In ka ga zoben roba a warwatse cikin gwangwanin madara, yi sallama ka fita.

Wace iri ce ta dace da ruwanka

Uwa iri biyu ce: mai fistin da mai tantani. Mai fistin kayan cikinta kaɗan ne, abu ɗaya ne ke motsi, shi ya sa sabis ɗinta ke da sauƙi da araha. Amma a yawancinsu ruwa yana shiga ɗakin da sifirin yake, don da shi take gane zurfi. Mai tantani kuwa fatar roba ce ke raba ruwa da kayan ciki, wasu ma a rufe suke ruf, ruwa ba ya taɓa ko sifirin. Mai nutso a ruwa garau irin na Bahar Maliya, mai fistin ta ishe shi. Wanda aikinsa ruwan laka ne, madatsun ruwa, kogin Neja ko Binuwai, ko bakin tashar jiragen ruwa, ya ƙara kuɗi ya sayi mai tantani rufaffiya, don yashi yana cin fistin da bangon da yake gogawa.

Sai maganar mai daidaito da maras daidaito. Maras daidaito tana ɗan ƙara nauyin ja idan iskar tukunya ta yi ƙasa, ko an yi zurfi sosai. Mai daidaito ja ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Masu sayarwa suna son tsorata sabon shiga da wannan, amma ka duba abin da ke rataye a ɗakin haya na makarantun nutso: Scubapro MK2, Aqualung Calypso, Cressi AC2. Duk fistin ne maras daidaito, duk suna cikin mafi araha a gidajensu, kuma su ne ake bai wa ɗalibai suna ja a yashi shekara da shekaru. Ga mai takardar shaidar nutso ta farko da iyakarsa mita 18, har wanda ke kaiwa mita 30 jefi-jefi, sun wadatar. A mita 30 matsi bar 4 ne, iska ta yi kauri ninki 4, a nan ne za ka fara jin bambanci in kana iyo da ƙarfi gaba da igiyar ruwa. In irin nutsonka ke nan kullum, nemi mai daidaito ta tsakiyar farashi. Waɗanda aka ƙera da titaniyam, masu haura dala 1,000, rashin nauyi da rashin tsatsa ake saye a jikinsu, iskar ɗaya ce.

Duba jikin ƙarfen ka ga an buga EN 250. Ma'aunin Turai ne, ana gwada regileta a matsin zurfin mita 50 a tabbatar jan numfashi bai wuce ƙa'ida ba. In da harafin A a gaba, an gwada ta mutum biyu suna ja lokaci guda, ɗaya ta oktofus. Wata za ka ga an rubuta mata alamar sama da digiri 10, wato ba ta ruwan sanyi ba ce. Wannan bai dame mu ba. Bahar Maliya ko da hunturu ba ta cika sauka ƙasa da digiri 20 ba, don haka kada ka biya kuɗin kariyar ƙanƙarar da ba za ka taɓa gani ba, sai in kana da niyyar nutso a tafkunan Turai.

Saura yadda ake ɗaura ta a tukunya. Akwai yok, mai kama da maƙala, ana zura ta a kan bawul a ɗaure noti daga baya. Akwai DIN, wadda ake murɗawa cikin bawul ɗin kanta. Yok iyakarta bar 232, DIN tana kaiwa 300, kuma zoben robarta a ɓoye yake ciki, ba ya fiye fitowa. A Amurka yok ta fi yawa, a Turai DIN. A Masar tukwane da yawa suna karɓar duka biyun, ɗan toshi ne a bakin bawul ake cirewa da makullin alanki. Ni DIN nake zaɓa in haɗa da 'yar adaftar da ke mayar da ita yok. Amma in duk tukwanen da ke wurinku yok ne, sayi yok ka huta.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: regileta marar suna da ake tallatawa a kasuwannin intanet a kuɗin takalmi, da 'yan ƙananan tukwanen nan da ake hurawa da famfon hannu. Ba lambar shaida, ba kunshin sabis, ba wanda zai karɓa ya gyara.

Sabuwa ko ta hannu

Sabuwa daga dillalin da kamfani ya yarda da shi tana zuwa da garanti, wasu kamfanonin ma suna ba da kayan sabis kyauta ga mai ita na farko, in dai bai tsallake lokacin sabis ba. Wannan gatan ba ya bin kaya zuwa hannu na biyu, sau da yawa kuma ba ya hawa kan wadda aka saya ta bayan fage. Ka ajiye rasit, ka yi rajistar lambarta. Hanyar rage kuɗi a sabuwa ita ce ka nemi samfurin bara idan sabo ya fito, ko ka sayi saiti a haɗe maimakon ɗaya-ɗaya.

Ta hannu kuwa lissafi take so. Duk abin da mai ita ya ce, ka ɗauka sai an yi mata cikakken sabis kafin ta shiga ruwa, sai fa in ya nuna takardar sabis ta kwanan nan daga shagon da za ka iya kira. Haɗa kuɗin saye, da sabis na kai uku, da sabbin tiyo in nata sun tsufa. Ƙa'idata ita ce in jimillar ta kai kashi biyu cikin uku na kuɗin sabuwa, sabuwar zan saya. Sau da yawa a ƙananan samfura lissafin ba ya fita. Inda ta hannu ke riba shi ne babbar regileta mai daidaito, wadda mai ita ya yi marmarin nutso shekara biyu ya bari.

Wata kafa da ba a cika lura da ita ba: makarantun nutso suna sayar da tsofaffin kayan hayarsu in za su sabunta. Jikinsu duk ƙarzuwa ne, ba kyan gani, amma an riƙa yi musu sabis, kuma mai gyaransu yana nan a bayan shagon.

Binciken ta hannu kafin a biya

Kada a yi cinikin a bakin titi. Ku haɗu a shagon nutso inda akwai cikakkiyar tukunya da bokitin ruwa. Mai sayarwar da ya ƙi wannan ya riga ya ba ka amsa.

Fara da ido, kamar yadda dattijon nan ya yi. Cire murfin ƙofar iska ka haska matata. Kore na nufin ruwan gishiri ya shiga. Ja-ja irin na tsatsa na nufin an yi amfani da tukunyar ƙarfe mai tsatsa a ciki. Farin gari daga tukunyar alminiyam yake. Baƙi ko maiƙo kuwa daga injin dura iska ne da ba a kula da shi ba. Duk wanda ka gani, bai tsaya a matata kaɗai ba. Sannan ka nemi lambar shaida a jikin uwa da na-baki, ka tambayi mai gyara ko har yanzu ana yin kunshin wannan samfurin, ko kuma kamfani ya taɓa kiran a dawo da shi saboda wata matsala.

Tsofaffi ƙwarai akwai tarko a jikinsu. A regiletar zamani ramin tiyon agogo, mai ɗaukar cikakken matsin tukunya, faɗinsa 7/16 na inci ne, na sauran tiyon kuma 3/8, don kada a yi musaya. A wasu na da can duk girmansu ɗaya ne. Tiyon da aka yi don bar 10 in ya sha bar 200, fashewa zai yi. Irin waɗannan a bar wa masu tara kayan tarihi.

Sai tiyo. Ja robar da ke rufe gindin kowanne baya, don a ƙarƙashinta gishiri ke ɓuya yana cin ƙarfe. Lanƙwasa tiyon ka duba tsagewa ko kumburi. Masu saƙar zare a waje, waɗanda ake so don laushinsu, ka bi su da yatsu kana matsawa daga farko har ƙarshe. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta taɓa faɗakarwa cewa rufin cikin wasu irinsu yana rugurgujewa a ƙasashe masu zafi da laima, ya zama ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa da ke toshe hanyar iska, alhali wajen tiyon lafiya lau. In ka ji wani wuri da tauri ko yana ƙaras-ƙaras, tiyon ya mutu. Ko ba haka ba, tiyon da ya kai shekara 5 ana shawartar a canza shi.

Yanzu ɗaura ta a tukunya, amma kada ka buɗe tukuna. Sa na-baki a bakinka ka ja a hankali. Bai kamata ka sami iska ko kaɗan ba. In iska tana shigowa, akwai huda a tantanin na-baki, ko a robar fitar da numfashi, ko a abin cizo, kuma duk inda iska ta bi a tudu, ruwa zai bi a teku. Yi wa oktofus haka shi ma.

Juya fuskar agogo ƙasa, nesa da idonka, ka buɗe bawul sannu a hankali har ƙarshe. Kasa kunne. Shaƙi iska sau biyar ko shida kana kallon allura. Kada ta motsa. In tana faɗuwa tana tashi da kowane numfashi, ko bawul bai buɗu duka ba, ko matata ta toshe.

Gwajin da ya fi kowanne tona asiri shi ne na matsin tsakiya. Akwai ɗan agogo mai araha da ake maƙalawa a bakin tiyon rigar iska, kowane shagon gyara yana da shi, ni ma ina da nawa a jaka. Da an buɗe iska allurarsa za ta hau wajen bar 9 zuwa 10 ta tsaya cak. Danna maɓallin na-baki ka saki: za ta ɗan faɗo, ta koma daidai inda take nan take. To sai ka zuba mata ido minti biyar. In tana rarrafawa sama a hankali, kujerar bawul ɗin uwa ba ta toshewa da kyau. Ƙarshen irin wannan shi ne matsin ya rinjayi na-baki ya fara ɓarin iska ba tsayawa. Da gangan aka ƙera yawancinsu haka, in sun lalace su buɗe maimakon su rufe. Amma a zurfi ɓarin nan yana iya kwashe tukunya cikin 'yan mintoci.

Sai bokiti. Riƙe na-baki, abin cizo yana kallon sama, ka saukar da shi cikin ruwa a hankali. Ya kamata ya fara hurowa idan ya nitse kamar santimita 3 zuwa 4. In sai ya yi zurfi sosai kafin ya saki, zai yi maka nauyi a ƙirji. Oktofus akan saita shi ya ɗan fi tauri, don kada ya riƙa ɓari yana rataye. Daga nan tsoma saitin gaba ɗaya, da iska a ciki, ka nemi kumfa. Inda agogo ya haɗu da tiyonsa ya fi ko'ina yoyo, ɗan tsinke ne mai zoben roba biyu, gyaransa ba tsada. Wasu regiletocin Sherwood kuwa da gangan suke sakin siririn kumfa daga jikin uwa, haka aka ƙera su, kada ka kushe kayan mutum a banza.

Sabis: yaushe, kuma me ya kamata a yi

Tsohuwar ƙa'ida ita ce sau ɗaya a shekara ko bayan nutso 100, duk wanda ya riga zuwa. Yanzu kamfanoni da dama sun koma cikakken sabis duk shekara 2, da dubawa a tsakani. Atomic ma shekara 2 ko nutso 300 suka sa wa yawancin nasu. Bi abin da littafin taka regiletar ya ce, musamman in kana son garantinka ya ci gaba. Amma kalanda ba ta hana ka kai ta da wuri in ruwa ya shiga uwa, ko ta fara fito, ko numfashi ya yi nauyi, ko allurar matsin tsakiya ta fara rarrafe.

Sabis na gaskiya ba wanki da feshi ba ne. Ana kwance ta ne ɗai-ɗai har ƙaramin noti. Ƙarafan a jiƙa su cikin injin wanki mai girgiza, da ruwa mai ɗan tsami da ke narkar da gishiri, na ɗan lokaci kaɗan don kada ya ci farin rufin ƙarfen. Robobi a wanke da ruwan sabulu. A zubar da tsofaffin zobba, da matata, da kujerun bawul na uwa da na-baki, a sa sababbi daga kunshin kamfani. A shafa man da aka yi don wannan aiki, ɗan kaɗan, a ɗaure kowane noti da sifana mai awon ƙarfi. Sannan a saita matsin tsakiya, a yi ta danna maɓalli don sabuwar kujera ta zauna, a gwada da cikakkiyar tukunya da kuma wadda ta kusa ƙarewa, a auna nauyin ja da agogo.

Idan ka je karɓa, ka nemi abu biyu. Na farko tsofaffin kayan da aka cire, a leda. Dattijon nan ko ba ka tambaya ba zai zazzage maka su a tafin hannu, ya ɗaga kujerar bawul ya nuna maka zoben da bakin ƙarfe ya sassaƙa a jikinta. Na biyu takarda mai kwanan wata, da lambar regileta, da adadin matsin tsakiya da aka saita. Da ita za ka sayar da kayanka da daraja wata rana. In kana amfani da naitroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, ka faɗa tun wajen bayarwa, don mai da zoben da ake sa mata daban ne. Kamfanoni da yawa sun yarda da sabbin regiletocinsu har kashi 40 cikin 100 na oksijin, amma a duba littafi.

Kada ka kai ta wurin mai gyaran janareta ko na murhun gas, komai ƙwarewarsa. Kada basilin ko baƙin mai ko man feshin kwance noti su kusance ta: suna lalata roba, ga shi cikin huhunka za su, kuma mai in ya haɗu da oksijin a matse yana kama wuta. Abin da za ka iya da hannunka shi ne canza abin cizo, da tiyo, da zoben bakin tiyo. Wajen ɗaure tiyo hannu ya fara kai shi ƙarshe, sifana ta ɗan taɓa kawai, don ƙarfen tagulla ne mai laushi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Regiletar da ta fito daga sabis ta fi kowacce buƙatar gwaji, domin sabuwar kujera tana ɗan lotsawa bayan an fara amfani da ita, saitin ya goce, hannun mutum kuma yana mantuwa. Kai ta sabis wata guda kafin tafiya, ka shiga kwamin iyo ko ruwa marar zurfi da ita, in da gyara ka mayar. Wanda garinsu ba mai gyara, sai ya haɗa sabis da tafiyarsa: ya yi magana da shagon tun daga gida su tanadi kunshin, ya miƙa ta ranar da ya sauka, ya yi haya kwana ɗaya ko biyu, nutson farko da ita kuma ya zama a wuri marar zurfi. A jirgi, jakar hannu ce wurinta.

Tsakanin sabis da sabis

Gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a kowace lita, sama da 35 na yawancin tekuna, kuma in ya bushe a cikin na-baki ƙwayoyi yake zama masu kaifi. Da ka fito, mafi kyau ka wanke ta da ruwan daɗi tun tana ɗaure a tukunya da iska a ciki, don a lokacin ruwa ba shi da hanyar shiga. In an riga an cire ta, goge murfin da tawul ya bushe, ka rufe ƙofar iska sosai kafin ta taɓa ruwa. Za ka ga mutane a jirgin ruwa suna buɗe tukunya fuuu don busar da murfi. Ban da toshe kunnen jama'a, feshin yana iya tura ɗigon ruwan cikin matata. Tawul ya isa. Kuma in tana jiƙe a baho ba iska a ciki, kada ka danna maɓallin na-baki, ruwa zai bi tiyo ya gangara cikin uwa. Na tabbata haka aka yi wa tawa ta farko.

Shanya ta a inuwa. Kada ta kwana a but ɗin mota, kada a rataye ta kusa da janareta ko inda ake ajiye fetur. Naɗe tiyon da faɗi, ba tare da karya su a gindi ba. In na-bakinka yana da ɗan noti na saita nauyin ja, kwance shi har ƙarshe kafin ajiya don sifirin ya sassauta wa kujera. In ta bushe sarai, sa ta cikin akwatin roba mai murfi, saboda ƙurar hunturu da kuma kyankyaso, wanda ke matuƙar son gwaguyar abin cizo da siririyar robar fitar da numfashi. Duk wata biyu ko uku ka buɗe akwatin, ka toshe ƙofar iska da murfinta, ka ja numfashi ta na-baki ka ji ko har yanzu a toshe yake.